Taiwo Ya Tafi Legas Sayen Yadi

Kwana tara ke nan Kehinde ba ta kai loma bakinta ba. Ruwa tana sha. Shayi ma in an matsa mata takan kurɓa sau biyu ta ture kofin. Amma duk abin da ake sa hannu a ɗiba, sai ta rufe baki gam, amsarta ɗaya ce: "Sai Taiwo ya dawo." Yarinya 'yar shekara bakwai mai kumatu a da, yanzu wuyan rigarta sai zamewa yake daga kafaɗa. Jiya nas ɗin asibitin unguwa ta duba idonta da harshenta, ta ce babu zazzaɓi babu wata cuta, yunwa ce tsagwaronta. Ta ce in la'asar ɗin yau Juma'a ta yi ba ta ci ba, a ɗauke ta sai babban asibiti a Abeokuta, a zura mata roba ta hanci. Ta ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, jikin yarinyar ya fara saki, ita ba ta yi wa kowa alkawarin komai. Lasisi, uban yarinyar, direban motar rogo ne. Ya fita tun da sassafe, ya ce yana sauke kaya ya yi sallar Juma'a zai dawo da motar.

Taiwo kuwa ba dawowa zai yi ba. Shi ne abokin tagwaitakar Kehinde, zazzaɓi ya kama shi ran Litinin, ran Laraba da hantsi ya cika a asibiti a kan cinyar uwarsa. Daga can aka kawo gawar gida, aka wuce da uwar gidan gwaggonta, don a wurinmu uwa ba ta ganin yadda ake binne ɗan cikinta. Kwana biyu ta yi a can, tsofaffi suna kewaye da ita suna koya mata abin da za ta faɗa in ta koma gida. Mu nan Igbo-Ora a ƙasar Yarbawa, inda tagwaye suka fi kaji yawa, ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu, kuma ba a yi masa kuka a gaban ɗan'uwansa, don kada wanda ya rage ya ji ya bi sawu. Cewa ake ya tafi Legas sayen yadi. Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin wanda ya dawo da yadin ba, amma haka muka tarar ana faɗa, haka muke faɗa.

Awero sunan uwar, ko da yake ba mai kiranta da shi, kowa Iya Ibeji yake ce mata, wato uwar tagwaye. Da hantsin wannan Juma'a tana zaune a bayan gida kan 'yar kujera, da tiren jan wake a cinya tana tsincewa. Surukarta, Iya Agba, tana tsaye a kanta da sanda, tana kallon yatsunta kamar mai gadin kasuwa.

"Ga tsakuwa can kin tsallake."

"Na gan ta, Mama."

"Kin gan ta kika bar ta? Haƙoran jikata za ki karya mini? Shekara goma a gidan nan, har yau wake sai an tsince miki bayan kin tsince."

Awero ta ɗauke tsakuwar ta yar. Ba ta da ƙarfin gardama, kuma ta san tsohuwar ma ba faɗan take nufi ba, tsoro ne yake fita ta bakinta a haka. Shawarar dafa waken ta Iya Agba ce. Ta ce Taiwo ne yake kiran 'yar'uwarsa, kuma ba abin da ke sanyaya ran tagwaye kamar wakensu: a dafa shi luguf, a kwarara masa manja, a ba su, a raba wa yaran unguwa. Ta kuma sa masassaƙi ya yi mata ɗan mutum-mutumin katako mai tsawon tafin hannu, wanda zai zauna a mazaunin Taiwo. Yana nan naɗe a haɓar zaninta tun jiya.

Awero ba ta ce waken ba zai yi ba. Ita dai ta san 'yarta. Tun suna rarrafe kwano ɗaya tagwayen ke ci, kuma Kehinde ba ta taɓa sa hannu ba sai Taiwo ya sa ya kai baki. Shi ya riga ta fitowa duniya, shi yake riga ta shiga kwano, har mutanen gida suna yi musu dariya a kan haka. To yarinyar da aka ce wa ɗan'uwanta ya je kasuwa zai dawo, me za ta yi in ba jira ba? Wannan tunani ya kwana uku yana cin Awero, yau da ta wanke waken ruwa biyu ta tsame ƙwarin da suka taso, sai ta kasa haɗiye shi.

"Mama," ta ce, ba ta ɗago ba, "da an faɗa mata."

"A faɗa mata me?"

"Gaskiya. Jiransa take yi."

Iya Agba ta buga sandar a ƙasa har kaza ta zabura. Ta waiga wajen baranda, inda Kehinde ke kwance a tabarma fuskarta na kallon ƙofar gida, sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"Tofar da wannan maganar. Tofar, na ce! Ke kin san matar Alarape mai ƙira? Ita ma wayewa ta ɗebe ta, ta zaunar da yaro ta ce masa ɗan'uwanka kaza da kaza. Kwana uku aka yi, yaron ya bi. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ɗaya ya tafi Legas bai ishe ki ba, so kike ki biya wa ta biyun kuɗin mota?"

Awero ta tofar. Ba ta ce ta yarda ba, amma ba za ta iya rantsewa cewa ƙarya ne ba, don da wannan tsoron aka raine ta ita ma. In ta yi shiru yunwa ta ɗauke mata 'ya, in ta yi magana kuma maganar ta ɗauke ta, wa za ta kama? Ta tashi ta hura wuta a murhu, ta ɗora tukunyar ƙarfe, da ruwan ya tafasa ta juye waken, ta yanka albasa ɗaya manya-manya ta watsa, ta rufe.

Tsohon wake ne, na bara, irin wanda ke cinye itace yana nan da taurinsa. Bayan sa'a guda ta ɗebo ƙwaya biyu ta matsa tsakanin yatsu, ko gezau. Ta ƙara ruwan zafi, ta tura itace. Ta miƙa hannu kan taga inda ƙullin kanwa yake.

"Me za ki ɗauko?"

"'Yar kanwa ce, Mama, ƙanƙanuwa. Rana na tafiya."

"Waken tagwaye da kanwa? A gidan ubanki haka ake yi? A nan ba kanwa, ba yaji, gishiri ma sai ya nuna. Ba a yi wa tagwaye gaggawa, su suke da lokacinsu."

"La'asar fa aka ce."

"Nas ce ta ce la'asar. Nas ɗin nan da na san uwarta tana tallan ƙosai."

Awero ta mayar da ƙullin. A ranta ta ji kamar ta ɗaga tukunyar ta kife a tsakar gida, amma sai ta ɗauki mafici ta shiga fifita wuta, hayaƙi na shiga idonta. Ta ji daɗin hayaƙin, don shi kaɗai ne ya ba ta izinin hawaye a gidan nan.

Ana cikin haka Iya Risi, maƙwabciyarsu mai sayar da kifi, ta leƙo ta saman katanga, ɗankwali a karkace.

"Sannunku da hayaƙi, mutanen da! Mama, har yanzu da itace? Duniya fa ta koma gas."

"Gas ɗin naki ne ya sa mijinki ya zama kamar tsinken tsire," in ji Iya Agba. "Abinci ba ya nuna, mutum ba ya ƙiba."

"Kai, Mama, bakinku! Ramarsa ta gado ce, ku tambayi uwarsa. Iya Ibeji, a ajiye mini nawa, da ƙanzo nake so." Sai ta ɗaga murya yadda za a ji har baranda, cikin fara'ar da kowa ya san ta dole ce. "Yaya mutumin Legas? Ya aiko da saƙo?"

Gaisuwa ce, haka kowa ke yi tun kwana tara, kuma akwai amsar da ake bayarwa. Awero ta dubi baranda. Ta ga kan Kehinde ya ɗan motsa a tabarma, idon yarinyar ya baro ƙofa ya sauka a kanta, yana jira.

"Yana lafiya," Awero ta ce. "Kasuwa ce ta riƙe shi."

"To madalla. Allah ya sa ya samo mana mai kyau."

Kehinde ta mayar da idonta ƙofa. Awero ta tsani kanta a wannan lokacin, ta tsani Iya Risi, ta tsani Legas da ba ta taɓa zuwa ba.

Sai da aka kira sallar Juma'a aka sauko, inuwar katanga ta fara miƙewa, sannan waken ya sallama. Ta matsa ƙwaya ɗaya ta narke a yatsa. Ta barbaɗa gishiri, ta janye itace biyu don wutar ta lafa, ta sa muciya tana dannawa a jikin tukunya har rabin waken ya farfashe ruwan ya yi kauri. Ta ɗauko kwalbar manja ta kwarara, ba awo, har ja ya rufe saman, ta juya, ta bar shi ya yi 'yan tafasa biyu. Ƙamshi ya cika gida. Ƙamshin da a da kafin ta sauke tukunya yara biyu sun zo sun tsaya mata a gindin murhu, ɗaya na riƙe da kwano ɗaya na riƙe da rigar ɗan'uwanta. Ta zuba a kwanon nasu na silba, ta ɗebi garin rogo a ƙaramin faranti ta ajiye a gefe, ta ɗauka ta nufi baranda, Iya Agba na biye da ita.

Tsohuwar ta zauna a tabarma da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta ta da Kehinde ta jingina ta da bango. Yarinyar ba nauyi, kanta na rinjayar wuyanta. Iya Agba ta kwance haɓar zani ta fito da mutum-mutumin, an shafe shi da mai yana sheƙi, da 'yar riga ja da duwatsun ado a wuya. Ta tsayar da shi a gefen kwano, daidai inda Taiwo ke zama.

"Kehinde tawa, ƙawar sarakai, mai shiga gidan talaka ta mai da shi mai arziki. Dubi, ɗan'uwanki ya aiko wakili kafin ya iso. Ga shi zai fara ci, ke kuma ki bi."

Ta lakato wake da ɗan yatsa ta shafa a bakin katakon, manja ya gangaro masa a haɓa. Ta tura kwanon gaban yarinyar. Kehinde ta dubi mutum-mutumin, ta daɗe tana dubansa, ta dubi waken, har Awero ta ga maƙoshinta ya motsa ta haɗiyi yawu. Sannan ta dubi uwarta.

"Wannan itace ne, Iya Agba," ta ce, muryarta kamar ta mai barci. "Sai Taiwo ya dawo."

"Ci mana, uwata. Loma ɗaya. Don ni."

Yarinyar ta rufe ido, kanta ya zame gefe a jikin bango. Awero ta taro shi da tafin hannu, ta ji fatar da sanyi, ta ga leɓen ya tsattsage ya yi fari. A masallacin bakin kasuwa ladan ya fara gyaran murya a lasifika. La'asar ta yi.

Awero ta janye hannunta a hankali. Ta juya wajen surukarta ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, irin durƙuson da ta yi ranar da aka kawo ta gidan.

"Mama, ku yafe mini."

Tsohuwar ta gane nan take. "Kul! Awero, kul! Kada ki kuskura!" Rabon da ta kira ta da sunanta tun kafin a haifi tagwayen. Ta yar da sanda ta kai hannu biyu ta toshe kunnuwan yarinyar. "In wani abu ya same ta, ke ce! Gaban kowa zan faɗa, ke ce!"

"Na ji, Mama. Ni ce."

Ta kama hannuwan tsohuwar, busassu marasa ƙarfi, ta sauke su ba da fizga ba, ta riƙe su a nata. Tsoro take ji irin wanda ba ta ji ba ko ranar asibiti, don a ranar ba ita ta yi ba, yau kuwa da bakinta za ta yi.

"Kehinde. Buɗe ido ki dube ni."

Yarinyar ta buɗe.

"Taiwo bai je Legas ba. Taiwo ya mutu. An binne shi. Ba zai dawo ba, yau ko gobe ko wata rana."

Iya Agba ta saki wani ɗan sauti ta rufe fuska da zani tana salati. Awero ta kafe yarinyar da ido, tana jiran abin da aka ce yana faruwa, ko ta sanƙare, ko ta faɗi, ko numfashin ya tsaya. Kehinde ba ta yi ko ɗaya ba. Idonta ne ya ƙara girma, ta dubi kakarta, ta dawo kan uwarta, ta yi magana a hankali kamar mai tsoron a ji.

"Maami, wa ya faɗa miki?"

Awero ba ta fahimta ba. "Wa ya faɗa mini me?"

"Cewa ya mutu. Wa ya faɗa miki?"

"Ke... kin sani?"

Kehinde ta gyaɗa kai. Maganar na fita da ƙyar, tana hutawa tsakani. "Na gan shi. Ranar da aka kai ni ɗakin Iya Risi aka rufe. Na hau bokiti na leƙa ta taga. Baba Kekere, ƙanin Baba, ya fito da shi a hannu, an naɗe shi da farin ƙyalle har fuska. Suka bi ta bayan gida da fartanya." Ta haɗiyi yawu. "Ke ba kya nan. Da kika dawo kika ce mini ya tafi Legas. Ba ki yi kuka ba. Sai na ce ba a faɗa miki ba."

"To me ya sa ba ki..." Muryar Awero ta karye.

"Kowa yana ɓoye miki. Iya Agba ma, Baba ma, Iya Risi ma. In na ci ban jira shi ba, ai za ki gane ba zai dawo ba."

Iya Agba ta sauke zanin daga fuskarta. Tsohuwar da ba a taɓa rasa amsa a bakinta ba, ta dubi jikarta, ta dubi hannuwanta, sai haɓarta ta fara rawa.

Awero kuwa abin da ta danne kwana tara ya taso mata gaba ɗaya. Ta kifa kai a cinyar 'yarta, cinyar da ta zama ƙashi zalla, ta fasa kuka. Ba kukan ɓoye ba, kuka mai ƙara, tana kiran sunan Taiwo, tana kiransa ɗana, tana cewa ya mutu, ya mutu, kamar mai biyan duk ranakun da aka hana ta faɗa. Unguwa duka ta ji. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru, don wadda za ta ce ɗin ita ma kukan take, tana bubbuga tabarma da tafin hannu.

Kehinde ta ɗora hannun hagu a kan uwarta tana shafawa, yadda ake yi mata in ta faɗi. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙa na dama, ta jawo kwanon. Ta lakaci waken kaɗan, ta kai baki, ta riƙe shi a kan harshe kafin ta haɗiye. Ta sake lakata.

A daidai nan motar rogo ta tsaya a ƙofar gida. Lasisi ya jiyo kukan matarsa tun daga kan kwana, kuma kukan irin wannan abu ɗaya ya san yana nufi. Bai kashe mota ba, bai rufe ƙofarta ba, ya faɗo gidan da gudu takalmi ɗaya a ƙafa, yana kiran sunan Kehinde da muryar da ba tasa ba. Ya yi turus a bakin baranda. Ga uwarsa tana kuka, ga matarsa kife tana kuka, ga 'yarsa zaune a jikin bango, manja a leɓe, hannu cikin kwano.

Yarinyar ta ɗago ta dube shi, tsoro ya bayyana a fuskarta, ta ƙara riƙe kan uwarta.

"Baba, Maami ta sani," ta ce. "Amma wallahi ba ni na faɗa mata ba."